Gudun da ya fi tsayuwa wuya

A garinmu ba a yabon mai gudu. Tun muna yara a Birni, in faɗa ya kaure a bakin famfo, wanda ya ruga gida shi ake yi wa dariya har mako ya zagayo. A filin kokowa ma haka ne: ɗan kokowar da aka kira ya noƙe ya gama zubar da sunansa da na jiharsa. Kirarin da maroƙa ke yi wa mazan Damagaram a ƙofar fada kusan duk na tsayuwa ne, wane bai ja da baya ba, wane ya ƙi gudu. Da wannan tarbiyya na tashi, kuma da ita na fara kallon mutanen da muke kira 'yan gudun hijira. Ina jin tausayinsu ƙwarai, ina ba da abin da ya sawwaƙa, amma ban taɓa kawo wa raina cewa a cikin abin da suka yi akwai abin da za a cire hula dominsa ba. Mutum kuwa yana iya tausaya wa wani alhali daga sama yake kallonsa.

Wata tsohuwa ce ta gyara mini wannan tunani, kuma ba da niyyar koyar da ni komai ba.

Duk wanda yake Zinder a watan Fabrairu na 2015 zai tuna motocin da suka riƙa shigowa daga gabas bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga wata. Kaya a saman mota sun fi motar tsawo: katifu, tukwane, jarkoki, har da akuya a ɗaure. Masu dangi a gari suka nufi gidajen dangi, marasa kowa suka zauna a tasha suna kallon mutane. Cikin waɗannan na biyun ne gwaggona ta ɗauko wata mata Babarbariya da yara huɗu, ta share musu ɗaki ɗaya a gidanta na Garin Malam. Ni dai Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗana. Sai da ta yi wata da watanni a gidan kafin na san cewa wannan ne gudunta na biyu. Asalinta 'yar Damasak ce, can ƙetaren kogin Komadugu a jihar Borno. Ranar da aka shiga garinsu a watan Nuwamba na 2014 ta tsallako kogin, ta zauna a Gagamari, daga nan ta shiga Diffa wurin wata ƙawarta, ba ta cika wata uku ba abin da ta baro ya sake iske ta.

Wata rana da la'asar ina zaune a tsakar gida tana haɗa turaren wuta, sai na yi mata tambayar da yanzu nake ganin ta yi nauyi. Na ce, Iya, da kuka ji harbi kawai sai kowa ya kama gabansa? Ta daɗe ba ta ɗago kai ba. Sannan ta ce: “Ɗana, da ni kaɗai ce da ban tafi ko'ina ba. Mutuwa a ɗakina ta fi mini sauƙi da shiga ruwan nan, ni da ban iya iyo ba. Amma mun riga mun ji abin da suke yi a wasu garuruwa. 'Yan mata su aurar wa yaransu, 'yan maza su ba su bindiga. Na ce wallahi ba da nawa ba.”

A ranar ne kuma na san biyu daga cikin yaran ba jikokinta ba ne. 'Ya'yan maƙwabciyarta ne. Uwar ta tafi kasuwa da safe, yaran suna wasa a ƙofar gida, aka fara harbi. Iya ta ce ta tsaya kamar na ƙiftawar ido tana lissafi: hannu biyu gare ta, yara huɗu, kogi a gaba. Ta goya ƙaramin, ta ɗaure sauran ukun a jikinta da ɗankwali da gyale, ta bi sahun mutane. A gabanta ruwa ya ci wasu. Waɗanda ba su samu fita daga Damasak ba kuwa, duniya ta ji labarinsu daga baya: ɗaruruwan mata da yara aka tafi da su, kuma lokacin da sojojin Nijar da na Chadi suka ƙwace garin a watan Maris na 2015, gawarwaki suka tarar a ƙarƙashin gada.

Hausawa na cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Gaskiya ne, amma karin maganar ya tsaya a rabin hanya. Yana nuna kamar mai gudu ba shi da zaɓi, kamar iska ce ta kwashe shi kamar karan dawa. Abin da na ji a bakin Iya ba haka ba ne. Akwai wata hanya a buɗe a gabanta, ita ce ta zauna ta sunkuyar da kai, ta miƙa yaran, ta ce to ga duk abin da aka ce. Masu zalunci ba kullum ne suke son kashe kowa ba. Sun fi son mutanen da za su mallaka, masu yi musu noma da girki, masu haifa musu mayaƙa. Wanda ya kwashi iyalinsa ya fita ya hana su wannan. Ya bar musu gida da gona da rumbu, amma ya ƙi ba su kansa da zuriyarsa. Ban ga ta inda wannan ya gaza tsayuwar da maroƙa ke yi wa kirari ba. Mai tsayawa fagen fama yana da makami a hannu, yana da abokai a gefe, in ya faɗi za a yi masa waƙa. Tsohuwar da ta shiga kogi da yara huɗu babu abin da take riƙe da shi sai ɗankwali, kuma ta san ko ta tsira ba wanda zai tarbe ta da kalangu. Abin da ke jiran ta shi ne layin karɓar abinci da kallon da ake yi wa mai roƙo.

Kada a fahimce ni ba daidai ba: ba ina zargin waɗanda suka zauna ba ne. Akwai tsofaffin da ƙafa ba ta ɗauka, da masu jinya, da waɗanda aka rutsa da su kafin su motsa. Nasu jarrabawar daban ce, Allah ne kaɗai ya san nauyinta.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mu Musulmi, da muka fi kowa dalilin girmama hijira, muka bari kalmar ta zama kamar tabo. Ƙidayar shekarunmu ba daga haihuwar Manzon Allah (SAW) ta fara ba, ba kuma daga ranar wani yaƙi da aka ci ba. Daga fitarsa Makka zuwa Madina a shekara ta 622 ta fara, fitar dare, da ɓuya a kogon Saur, ana bin sawunsa. Kafin wannan ma akwai hijirar Habasha, inda sahabbai ƙarƙashin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib suka nemi mafaka wurin Najjashi, sarki Kirista. Ƙuraishawa suka aika jakadu da kyaututtuka a maido musu mutanensu, sarkin ya saurari ɓangarorin biyu, ya ƙi miƙa su. Kowane ɗan makarantar allo ya san wannan labari. Muhajirai suna ne na daraja a addininmu. Ta yaya aka yi ɗan gudun hijira ya zama abin da ake faɗa da raini a bakin kasuwa?

Dole kuma in faɗi abin da ba ma son tunawa. Makonni uku kacal kafin motocin Diffa su fara shigowa, ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar da aka yi a nan Zinder kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta koma ƙone majami'u. Zanen ya ɓata wa kowannenmu rai, ni ma haka. Amma a Faransa aka yi shi, waɗanda suka biya kuwa maƙwabtanmu ne, mutanen da muke sayen kaya a shagunansu, waɗanda 'ya'yanmu ke zama aji ɗaya da nasu. Kiristoci da yawa a barikin soja suka kwana, wasu kuma Musulmi maƙwabta ne suka ɓoye su a ɗakunansu, Allah ya saka wa waɗannan da alheri. A cikin wata guda garinmu ya kori mutane daga gidajensu, ya kuma buɗe ƙofa ga waɗanda aka koro. Duk lokacin da na ji ana ba da labarin Najjashi a wa'azi, ranar nan ce take faɗo mini, ina tambayar kaina da mu ne aka zo wa, wane hukunci za mu yanke. Sa gudu ba kullum daga daji yake fitowa da tuta ba. Wani lokaci daga unguwa yake fitowa, bayan an sauko daga masallaci.

In aka koma tarihin ƙasar nan, da wuya a sami gidan da ba shi da mai gudu a kakanninsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804 saboda matsin sarkin Gobir. Da jihadi ya yi ƙarfi sai abin ya juya: gidan sarautar Katsina na Haɓe ya fito arewa, Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram kafin ya je ya kafu a Maradi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. Maradin da muke alfahari da kasuwancinta yau, masu gudu ne suka ɗaga ta. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Ingilishi, ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, sauran suka ci gaba har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har gobe. Mutanen Sudan sun ba kakanninmu wurin zama. Yau ga 'yan yankin Darfur na Sudan a wajen garin Agadas, waɗanda suka fara isowa ta Libiya tun ƙarshen 2017, wasunsu sun shekara da shekaru a sansani cikin rairayi suna jiran takardar da ba ta zuwa, ga kuma yaƙin da ya sake ɓarkewa a ƙasarsu tun Afrilu 2023 ya toshe hanyar komawa. Bashi ne ya zagayo.

Mu mutanen jihar Damagaram ma mun san hanya da abin da take ci. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Su ba bindiga ce ta koro su ba, talauci ne, kuma a dokar duniya ba a kiran su 'yan gudun hijira. Na san bambancin, ban kuma ce a share shi ba. Amma uwar da ta ɗauki ɗanta ta hau bayan mota zuwa Tamanrasset da uwar da ta shiga Komadugu, lissafi ɗaya suka yi a zuci. Garin da ya yi makokin na Kance bai kamata ya kasa gane na Damasak ba.

Na san abin da ake cewa, domin a majalisarmu ta shayi ma ana faɗa, kuma masu faɗar ba mugaye ba ne. Suna cewa mu da kanmu ba mu ƙoshi ba. Garin da mata ke kwana a layin famfo lokacin bazara, da tiyar hatsi ke tashi duk shekara kafin kaka, da matasa ke zaune a fada-fada babu aiki, ina ya ga ƙarfin ɗaukar baƙi? Suna cewa ƙungiyoyin agaji na wuce talakan gari da farar mota su kai wa baƙo shinkafa da mai da bargo, alhali maƙwabcinsa ɗan gari bai ɗora tukunya ba. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma duk tsarin agajin da ya raba mayunwata biyu ya ciyar da ɗaya, ƙiyayya yake shukawa. Shi ya sa na ga hikima a abin da aka gwada a jihar Maradi bayan 2019, lokacin da 'yan bindiga suka koro dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina: maimakon a killace su a sansani, aka zaunar da wasu a jikin ƙauyuka irin su Garin Kaka da Cadakori, aka yi rijiya da makaranta da ɗakin shan magani da baƙo da ɗan gari za su yi tarayya a kai. Amma ƙorafin nan, hukuma da masu agaji ya kamata a kai wa. Ba tsohuwar da ta tsallako kogi ce ta tsara yadda ake rabo ba.

Ɗaya maganar ita ce ta tsoro: wa ya san ko akwai 'yan leƙen asiri a cikinsu? A 2015 wannan zargi ya yi yawa a Zinder, har ya kai in mutum ya yi Barbarci a cikin adaidaita sai a riƙa satar kallonsa, a garin da gidan sarautarsa kansa daga Borno ya samo asali. Bincike aikin jandarmomi da 'yan sanda ne, su yi shi da kyau, ba wanda ya hana. Sai dai a tuna cewa mutumin da ya fi kowa sanin sharrin waɗannan mutane, ya fi kowa ƙinsu, shi ne wanda suka yanka ƙaninsa a gabansa. In muka haɗa shi da su a kwando ɗaya, mun ƙarasa musu aikin da suka fara. Mutanen tsibiran tafkin Chadi sun ɗanɗani irin wannan: bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015 aka umarce su da su bar tsibiran cikin 'yan kwanaki, dubbai suka taka a ƙasa zuwa Ngigmi cikin zafin bazara, wasu ba su kai ba. Dokar ta-ɓaci kuma ta tsayar da cinikin kifi da na tattasai na wani lokaci, ta hana hawan babur, wato duk abin da mutanen Diffa ke ci da shi. Wuta biyu suka shiga tsakani, kuma yawancinsu 'yan ƙasar nan ne, masu katin zaɓe irin namu.

Ba kyauta muke yi ba idan muka karɓe su. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1951, da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 wadda aka ƙulla a Addis Ababa, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda yaƙi ko rikici ya kora, ba sai wanda aka nufa shi kaɗai ba. Ginshiƙin dokokin nan shi ne ba a maida mutum inda zai halaka. Abin da Najjashi ya yi ke nan tun kafin a rubuta shi a takarda. Kuma in za a yi adalci, talakan Nijar ya cika wannan alkawari fiye da ƙasashe masu arziki da ke gina katanga. Tun 2012 da 'yan Mali suka shigo Tilaberi da Tawa, har zuwa na Diffa da na Maradi, kafin motar HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta iso, mai gari da matan ƙauye ne suka fara fito da tabarma da fura.

Abin da ya rage mana shi ne kallon da muke yi musu. Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina babu ko anini, ɗan'uwansa na Ansaru, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Yawancin 'yan gudun hijirar da na sani, wannan ce buƙatarsu. Mutumin da ya iya fitar da iyalinsa daga bakin mutuwa ba zai kasa ciyar da su ba in aka ba shi inda zai kafa tebur. Abin da ke karya shi shi ne mai gidan haya da ke ninka masa kuɗi don ya ji harshensa, da makarantar da ke maido yaro don ba shi da takardar haihuwa, kamar wanda ke tsallaka kogi zai tsaya neman takarda, da mai shagon da ke ba shi aiki a rabin lada don ya san ba shi da inda zai kai ƙara. Waɗannan ba sai an jira Yamai ko Janeba ba. Mai unguwa da limami da daraktan lakwal da sarkin kasuwa suna iya gyara su a nan cikin gari.

Iya ba ta taɓa zama jiran rabo ba. Da jika biyar da gwaggona ta ranta mata ta fara haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da matan Borno suka gada. Kafin shekara ta zagayo ta biya bashin, matan unguwa suka riƙa yi mata layi in biki ya matso. Yanzu haya take biya da kanta, ɗaki biyu a Karkada. Yaran duk sun shiga lakwal, Hausarsu ta koma ta Damagaram sak, babbar jikar ma an yi mata aure. Amma 'ya'yan maƙwabciyar nan biyu, har yau ba ta yarda a kira su nata ba, ko da yake ita ta yi musu komai. Takan ce amana ce aka bar mata a ƙofar gida. Ta kai sunayensu wurin ma'aikatan Kuros Ruj masu neman dangin da suka ɓace. Duk ranar Alhamis kuma, in ta gama cin kasuwa, sai ta biya ta tashar motocin gabas da 'yar takarda mai lambar wayarta da sunan uwar yaran da sunan unguwarsu ta Damasak. Direbobin Maine da na Diffa duk sun san ta. Suna hango ta za su ce, Iya, ba labari tukuna. Sai ta ce to, Allah ya kai mu wani makon, ta miƙa wa wanda bai da takardar sabuwa.